Ka Ba Ni Gari, Gafaru

Morrisania, Bronx
14 ga Oktoba

Gafaru,

Kafin gaisuwa riƙe wannan. Ƙafa biyu gare ta, ba ta da kai. Sau uku ta fito a fim ɗinka, kai mai fim ɗin ba ka gan ta ba. Duk wanda ya zauna a zauren nan ya ji ta, babu wanda ya gaishe ta. Wace ce? In ka sani ka faɗa. In ba ka sani ba ka ba ni gari in faɗa maka, kamar yadda muke yi a tsakar gida kana ƙarami.

To, yanzu gaisuwa. Maigidana marowaci, jikan da bai taɓa ɗinka wa matarsa ko ɗankwali ba, ina fatan kana lafiya, da babanka da mamanka da duk mutanen Jos. Ni da sauƙi. Gwiwar hagu ce ta ƙi ni. Lif ɗin gidanmu ya mutu sati biyu ke nan, hawa biyar nake yi da ƙafa, ina zama a kowane bene kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa. Gwaggonka Zuhura tana nan, aikin asibiti da safe, aikin asibiti da yamma. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Kar ka ce in kira ka. A waya kana katse ni, a takarda dole ka jira in gama. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi, aji huɗu na tsaya.

Tunda bizarka ba ta fito ba, ka ce in je in zama idonka ranar da za a gwada fim ɗin ga mutane. Na je. Asabar da la'asar, a wani ƙaramin zaure bayan titin 125 a Harlem. Bas ɗaya, jirgi ɗaya, sai tafiyar da ta kusa kashe ni. Zuhura ta raka ni fuska a ɗaure, don har yau ba ta son a tuna mata ubanta makaɗin otal ne kafin ya koma tela. Mutum kamar sittin: 'yan Nijar masu shaguna, mutanen zangon Ghana da suka zo don Kudus, abokin kiɗan kakanka, da Turawa masu jakar goyo.

Bari in fara da abin da ya yi kyau, kar ka yi kuka.

Wurin da ka kai Kudus tsohon otal ɗin da ƙungiyarsu, Tsawa Biyar, take kiɗa, lokacin da ya je Jos bara. Otal ya zama shagon tayil. Shugaban ƙungiya guda, ɗan shekara tamanin da ɗaya, yana zaune a kan kwali da jita, yatsu suna rawa sun kasa kama waya. Ba ka yanke ba. Ka bar shi ya gwada sau huɗu, har mai shago ya zo ya ce a matsa masa kwastoma zai wuce. Nan ka yi aiki. Har Zuhura ta daina duba waya.

Na biyu, tarin kakanka. Kafin waƙar farko ta tashi, an ji Jibrin ya yi tari ya buga sanduna sau huɗu, sannan ganga ta shiga. Ban san faifan ya kama tarin ba. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi. Haka yake yi kafin ya ce an cika gishiri a miya. Wannan na gode.

Yanzu gyara zama.

Baturen nan mai tara faifai, wa ya ba shi minti ashirin? Ya sa safar hannu yana ɗaga faifan kamar jaririn da aka haifa yau. Faifan da muka yi shekara uku muna rufe randa da shi! Yana ta bayyana mana yadda kiɗan rok ya zo Jos, shi da ba a haife shi ba lokacin. Sai duwatsun Jos daga sama, a nuna, a sake nunawa. Mun san su, ba su motsa ba.

Kuma ka mayar da mutanen nan waliyyai. A fim ɗinka babu mai jin yunwa, babu mai faɗa. Su da suka ba hamata iska a kan lasifika ɗaya har Yaw mai jita ya rasa haƙori. Su da suka je kiɗa Kafanchan a bayan motar dankali. Da ka sa wannan da an fi son su.

Mutum goma sha ɗaya ka yi hira da su, na ƙirga. Duk masu gemu ne. Jos ɗin babu mata a lokacin?

Sai ƙarshen. Waƙar nan "Kar Ka Tafi Bukuru", mai muryar mace da babu sunanta a bayan faifai. Kudus ya dubi kyamara ya ce ƙanwar Yaw ce, ta koma Kumasi shekarar da aka kori 'yan Ghana, ta rasu can. Kai kuma ka rubuta da manyan baƙaƙe ka sadaukar mata da fim ɗin. Mutane suna ta share hawaye. Ni gyaɗa nake ci. Wannan wurin ka sake dubawa. Ka kuma dubi hoton ranar ɗaukar faifai, wanda ka nuna har sau uku. Duk fitowarsa sai na sunkuyar da kai.

Na gaji, hannu ya sage. Ina jiran amsa ko gari.

Matarka da ka yasar a ƙasar sanyi,
Hamdatu

*

Jos
19 ga Oktoba

Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Baba da Mama suna gaishe ki. Mu lafiya lau. Ki ce wa Gwaggo Zuhura ta matsa wa masu gidan su gyara lif ɗin nan.

Na karanta takardarki sau biyu. Shekara uku na yi a kan fim ɗin nan. Na sayar da babur ɗina a kansa, ranar da aka nuna shi kuma ina zaune a Jos ina kallon bango. Na ce ki zama idona, ban san alƙali na aika ba.

Duwatsun na yarda, zan rage. Baturen kuwa ba don shi ba babu fim, don shi kaɗai ke da faifan da bai karce ba. Naku kin ce randa kuka rufe da shi. Maganar mata, ki tuna shekara biyu da suka wuce na roƙe ki ki zauna ki ba ni labarin Kaka Jibrin, kika ce ke ba kya hira da kyamara. Yanzu kuma laifina ne.

Ƙanwar Yaw, daga bakin Baba Kudus na ji, shi kaɗai ya rage cikin su biyar. In ban yarda da shi ba, da wa zan yarda?

Amma na gane abin da ba ki fito kin faɗa ba. Kin ce hoton yana sa ki sunkuyar da kai. Na san yanzu ke Hajiya ce, kina da mutunci a wurin matan masallaci, ba kya son a ga mijinki da buɗaɗɗen ƙirji da wando mai faɗin ƙafa a bayan ganga. Gwaggo ta sha faɗa mini haka. Ba zan kunyata ki ba. Zan cire hoton gaba ɗaya.

Ranar shida ga Disamba zan miƙa fim ɗin ga masu rarrabawa. Daga ranar ko harafi ɗaya ba zai canzu ba. Don haka ki yi haƙuri, ba ni da lokacin kacici-kacici.

Jikanki,
Gafaru

*

Morrisania
27 ga Oktoba

Gafaru,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Lif ya tashi kwana biyu ya sake kwanciya. Sanyi ya fara, hitar ɗakina tana ƙara kamar ana dakan ƙarfe amma ba ta ɗumama ko ƙafa.

"Hajiya" ka ce mini. Tun kana tsumma kake ce mini amarya, yau na zama Hajiya. To, Alhaji, na ji sakin.

Kar ka taɓa hoton nan. Ka ji ko? Ni na ce maka kunyar Jibrin nake ji? Wandon nan ni na wanke shi da hannuna, na fi ka sanin faɗinsa. Ce maka na yi ka duba. Kai kullum in an ce duba sai ka ji cire. Haka kake tun kana yaro, a ce ka duba tukunya, ka sauke ta.

Hirar da ka nema kuwa, na tuna tambayoyinka, ka turo su a rubuce. Me kakanka yake so ya ci. Yaya halinsa a gida. Shin ina zuwa kallonsu. Duk a kan kakanka. Allah ya ji ƙansa, tuwon dawa yake so. Ka samu amsa.

Ranar Laraba na je gaida Kudus a University Heights. 'Yarsa ta buɗe mini. Ya lalace, Gafaru. Ba kamar yadda ka gan shi bara ba. Roba a hanci, tukunyar iska a gefen kujera, jitar a saman kabad ta yi ƙura. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa tasi a garin nan yanzu banɗaki sai an riƙe shi. Amma bakin yana nan.

Ya ce, "Ei, Hamdatu, har yanzu ba ki mutu ba?"

Na ce, "Ina jiran ka share hanya, kai ne babba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da 'yar ta shiga kicin sai ya rage murya ya ce, "Kin ga fim ɗin yaron?"

Na ce na gani.

"Kin ji abin da na shara masa?"

Na ce, "Na ji. Har kashe ta ka yi."

Ya ce, "To ya zan yi? Cewa ya yi zai je ya nemo ta. Dole in binne ta kafin ya sayi tikiti." Sai ya ja iska. Can ya ce, "Mutum sittin suka yi kuka a kan ƙaryata. Gobe dubu ne. Ni kuwa ga inda nake, ƙafa ɗaya a waje. Rantsuwa aka sa mu, mu biyar, huɗu sun tafi da ita. Wanda ya ɗaure ni shi zai kwance ni."

Ya zuba mini ido. Ni kuma na dubi taga. Jirgin ƙasa yana wucewa ta kan gada, na ƙirga taragu goma.

Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan, don takardar nan ba kai kaɗai take bi ta hannunsa ba. Ni ma akwai abin da ya ɗaure ni. An hana ni in fara faɗa, ba a hana ni in amsa ba. Ba wasa nake yi da kai ba, ko da yake da wasa na zo. In ka miƙa fim ɗin nan yadda yake, ka sadaukar da wahalarka ta shekara uku ga macen da ba a taɓa haifa ba, tsohon nan kuma ya tafi da ita a wuya.

Ƙafa biyu, babu kai. Ka faɗa ko ka ba ni gari.

Kakarka,
Hamdatu

*

Morrisania
24 ga Nuwamba

Gafaru,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Sati huɗu babu ko layi ɗaya. Zuhura ta ce saƙon ya shiga, an buɗe shi tun ranar. Na sa ta kira babanka, ya ce ka yi tafiya ba ka faɗi inda za ka ba.

Ni ina nan. Ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi a garin nan, mutum bai gama la'asar ba an kira magariba. Ban sauka ƙasa ba kwana tara. Ina zaune bakin taga ina kallon masu tura keken wanki.

An kwantar da Kudus a asibiti ranar Litinin. 'Yarsa ta ce yana gane mutane da safe, da yamma sai a hankali.

Na yi lissafi, saura kwana goma sha biyu ka miƙa. Jiya na ce wa raina, Hamdatu, bar yaron nan. Fim ɗinsa ne, ya yi kyau a haka, mutane sun yi kuka, me kike nema da tsufanki? Shekara arba'in da takwas abin yana kwance bai hana ki cin tuwo ba. Har na yarda. Da safe kuma na tashi na ji ban yarda ba.

In zafin maganata ne ya kore ka, ka yafe. Ban iya yabo ba tare da tsunguli ba, haka aka yi ni. Fim ɗinka ya fi abin da na zata za ka iya, shi ya sa ramin da ke cikinsa ya dame ni.

Ba zan sake tambaya ba. Ka san abin da nake jira.

Hamdatu

*

Jos
1 ga Disamba

Amaryata,

Ina gaishe ki, ina neman afuwa. Ina lafiya, sai gajiyar mota da ta zauna mini a baya. Yaya gwiwa? Yaya jikin Baba Kudus?

Kumasi na je. Gaskiya don in ƙaryata ki na tafi. Na ce tsofaffi biyu sun haɗu suna rushe mini aiki, bari in je in samo kabarin matar nan in ɗauko hotonsa in turo miki. Kafin in tashi na kira Baba Kudus, ya ce shi ya yi rantsuwa, ya kashe waya.

Kwana uku a hanya, kwana tara ina yawo. Na samu gidansu Yaw. Matar yayansa tana da rai, ta kusa casa'in. Da aka fassara mata tambayata sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce su bakwai uwarsu ta haifa, duk maza, har ana yi mata waƙa a unguwa. Yaw bai taɓa yin ƙanwa ba.

Na dawo shekaranjiya ban gaisa da kowa ba. Na buɗe hoton a babban allo, na yi abin da kika ce tun farko. Kullum fuskoki nake kallo: Baba Kudus a gaba, Yaw, Kaka Jibrin a bayan ganga. Wannan karon na bi wayoyin makirfo ɗaya bayan ɗaya. Biyar sun tafi wurin maza biyar. Ta shida ta bi ƙasa, ta wuce bayan ganga, ta shige ƙarƙashin wani zanen atamfa da aka rataya a igiya daga taga zuwa ƙusa. Na ɗauka don rana aka sa shi. Na ƙara girman wurin. A ƙasan zanen akwai ƙafafu biyu da lalle, cikin silifa.

Shekara uku ina kallon hoton nan.

Akwai abin da ya zo mini a rai, amma hannuna ya ƙi rubuta shi. In na yi kuskure na yi wa kakata rashin kunya, in na yi daidai ban san inda zan sa fuskata ba.

Saura kwana biyar. Ban sani ba. Na ba ki gari. Na ba ki New York gaba ɗaya da gadojinta da jiragenta. In ba ta yi miki ba, ki zaɓi wanda kike so.

Mijinki mai taurin kai,
Gafaru

*

Morrisania
2 ga Disamba

Maigida,

Sannu da hanya. Ka sha ruwan zafi ka gasa bayan. Mu lafiya, an gyara lif jiya, sai ka ce sun san zan fita.

New York? Allah ya kiyaye. Shekara tara ina cikinta, me ta ba ni ban da ciwon gwiwa? Riƙe abarka, kai da ko biza ba ka samu ba kake kyauta da garin mutane. Tunda ka ce in zaɓa, na ɗauki Gangare, unguwarmu ta Jos, amma ta da, lokacin da ake jin jiniyar ma'aikatan kuza da safe. Na shiga, na ci waina, na sha kunu, na ƙoshi ban rage maka ba. To saurara.

Akwai wata yarinya, 'yar ladanin unguwa, mai kai waina bayan otal ɗin nan da rana, lokacin da Tsawa Biyar suke gwaji. Tana jiran a dawo mata da kwano, sai ta riƙa bin kiɗan da baki ba ta san ana ji ba. Mai ganga ne ya fara ji. Ya ajiye sanduna ya ce, "Ke, sake." Ta ce ba ta yi komai ba. Wata biyu suna lallashi. Da mai na'urar ɗaukar faifai ya zo daga Legas, ta ce za ta yi waƙa ɗaya, da sharaɗi: kar a gan ta, kar a rubuta ta, kuma su biyar su rantse. Ta kwance zanen da take rufe tiren waina, na innarta ne, aka rataya. Ta tsaya a baya ta yi sau ɗaya, ba a maimaita ba, don wainar gidan alƙali tana hucewa. Mai hoto ya ɗauka ba ta sani ba. Zanen bai kai ƙasa ba.

Bayan wata biyar waƙar ta fito a rediyo. Ladan yana zaune a shagon aski aka sa ta. Mutumin da aikinsa murya ne, a layin farko ya gane. Kwana uku ya ci gaba da kiran sallarsa. A na huɗu ya kira ta zaure ya ce, "Kar in ji kin kai wa kowa labarin nan da bakinki. Amma in an tambaye ki, kar ki yi ƙarya." Shi ke nan. Bai doke ta ba, bai sake tayar da maganar ba. Da mai gangar ya aiko neman aure ya ba shi, bayan ya ga ya sayi keken ɗinki.

Ta ɗauka sati ba zai yi ba wani zai tambaya. Ta shirya amsa har da yadda za ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya tambaya. Aka tambaye ta ina almakashin maigida, me za a dafa, yaushe za ta zo Amurka renon jikoki. Har jikanta mai kyamara ya tambaye ta me mijinta yake so ya ci.

Ka sani kuma an riga ka. Jiya Zuhura ce ta karanta mini takardarka, don rubutunka ƙanana ne a waya. Da ta kai wurin lalle da silifa sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna a cikin safa. Ta ce, "Umma, wace ce a bayan zanen?" Haka kai tsaye, ba gari ba komai. Na ba ta amsa. Ta ɗauki jaka ta tafi aiki. Na ce shi ke nan, na rasa 'ya a kan waƙar minti huɗu. Da ta dawo ina jin ta a kicin tana yanka albasa, ta kunna waƙar a waya, ta ƙare ta sake kunnawa. Sai ta leƙo ido jawur ta ce, "Albasar nan da zafi take." Na ce haka ne.

Yau da safe ta kai ni asibiti wurin Kudus. Na same shi a farke. Na ce, "Tsoho, na kwance ka." Ya ce, "Sai yanzu, muguwa?" Ya sa 'yarsa ta ɗauke shi a waya yana faɗin gaskiya, minti ɗaya da rabi, rabinsa tari. Za ta turo maka. Kar ka cire ƙaryarsa ta farko, ka bar ta, ka sa wannan a bayanta. Mutane su ga yadda ake riƙe alkawari shekara arba'in da takwas, su ga kuma nauyinsa. In wuri ya yi maka kaɗan, ka san inda duwatsu suke, ka san inda Bature yake.

Ni kar ka nemi fuskata, ba zan zauna gaban kyamara ba. Hoton nan ya isa, ka matso da shi ƙasa inda ya kamata. Suna kuwa ka rubuta shi daidai, da na ubana, don shi ma ya riƙe nasa rabin.

Ga amsarka. Zanen na innata ne, silifan na aro ne, lallen na bikin 'yar maƙwabta ne. Ƙafafun nawa ne. Muryar da ke cikin "Kar Ka Tafi Bukuru" tawa ce, ina da shekara goma sha tara. Ni ce, Hamdatu 'yar Ladan Gangare.